Ba'ana Kar-a-Taɓa

Ba'ana ba ya tambaya. Wannan shi ne aibinsa, kuma bai taɓa ɓoye shi ba, ado ma yake yi da shi kamar sabuwar hula. In ya ɓata hanya ya gwammace ya yini yana zagaya unguwa da ya tsayar da wani ya ce ina ne gidan wane. In aka nuna masa abin da bai taɓa gani ba sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ai na san wannan." Matarsa Turai ta gane halin tun a makon farko na aurensu, ranar da suka tashi daga Tsohuwar Maiduguri za su gaida danginta a Khaddamari. Ta ce masa hanyar da ya ɗauka ba ita ba ce. Ya juyo ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "Ke, ranar da nake son shawararki zan tambaye ki." Ba su isa ba sai bayan la'asar, ƙafafunta sun kumbura suntum. Turai mace ce mai riƙo. Ta ɗauki maganar nan ta adana, ta ce a ranta Allah ya kai mu ranar.

Sana'arsa shafa farar ƙasa. Shekara ashirin da biyu ya yi a ma'aikatar ayyuka yana wannan. Duk lokacin da aka ce wani babban baƙo zai zo Yerwa, wato Maiduguri, sai a fito da su da bokiti da burushi, su bi duwatsun bakin titi su farare, su bi itatuwan darbejiya na hanyar Dandal su shafe gindinsu har ƙugun mutum. Baƙo ya zo ya wuce a mota, ko kallon duwatsun bai yi ba. Damina ta sauko ta wanke komai tas. Baɗi a sake.

Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ba su cika maganar ba. Sau ɗaya tak Turai ta ji abin da ke cin ransa ya fito fili. Ruwan farko ne ya sauka a wata shekara, suna tsaye a bakin zaure, farin ruwa yana gangarowa daga jikin itatuwan da ya shafa makon da ya wuce. Ya ce, ba da ita yake ba, "Shekara ashirin ina aiki. A nuna mini abu ɗaya da hannun nan ya yi wanda yake nan har yanzu." Abin da yake so ke nan, ba wani abu mai yawa ba: aiki ɗaya da zai tsaya bayan an kai shi makwancinsa. Turai ta ji, ta koma kan tukunyarta.

A 1958 aka aike shi ya shafe wani gidan Turawa da masu shi suka koma ƙasarsu. Matar gidan ta kan zauna a inuwa tana zane a jikin ƙyalle, kuma da za ta tafi ta bar guda ɗaya rataye a bango, hoton kogi da mata masu wanki. Ba'ana ya sauke shi zai shafe bangon, farar ƙasa ta ɗiga a kai. Ya sa jiƙaƙƙen tsumma ya goge. Farar ƙasa ta fita, zane yana nan. Ya ƙara gogawa da ƙarfi. Ya duba hagu ya duba dama, ya kamfato ruwa a gwangwani ya sheƙa masa. Ruwa ya gangare, matan nan suna nan suna wankinsu.

Kukun gidan, da ke haɗa nasa kayan, ya ce masa akwai akwatin matar a bayan kicin, in yana so ya ɗauka. A ciki akwai burusai ƙanana, da ragowar launuka a matsattsun kwalkwalaye, da wata 'yar kwalba da babu ko ɗigo a cikinta. Kuku ya ce, "Fentin mai ne. Da mai take haɗawa."

Duk mai hankali a nan zai ce wane irin mai. Ba'ana ya ce, "Ai na sani."

Ya ajiye aiki yana da shekara arba'in da shida, gemu ya fara furfura, ya sanar wa majalisar ƙofar gida cewa shi yanzu mai zane ne irin na Turawa, kuma ya rantse ba zai sake riƙe bokitin farar ƙasa ba. Maganar mai kuwa ba ta dame shi ba, don mai a gidansa yake. Turai man gyaɗa take matsewa, tana tuya ƙuliƙuli, kuma da wannan sana'ar gidan yake tsaye tun ba yau ba. Da ta ga ya tsoma ludayi a tulunta ya nufi ɗakinsa da shi, ta bi shi da ido. Ta san abin da zai faru kamar yadda ta san sunanta. Duk macen da ta taɓa matsar ƙuli ta san in man gyaɗa ya zuba a zanen ɗaurawa sai dai zanen ya tsufa ya yage, amma mai ba ya bushewa. Ta buɗe baki, ta tuna hanyar Khaddamari, ta rufe.

Launukan Baturiya mako ɗaya suka yi suka ƙare. Bai damu ba. Ya shiga Kasuwar Litinin ya sayo shuni da bular wanki da gangamau, ya kankaro baƙin tukunya, ya samo jar ƙasa, ya niƙe su a dutsen niƙan Turai har tuwon gidan ya yi kwana uku yana fitowa shuɗi-shuɗi. Katakon da ake ɗaure ƙyallen a kai kuwa wurin Thomas kafinta yake zuwa, wani ɗan ƙabilar Babur mai sanyin magana da ke da rumfa a bakin layinsu. Thomas ne ke ja masa yadin akoko ya buga da ƙananan ƙusoshi. Ranar da Ba'ana ya kai masa zanen farko ya gani, Thomas ya sunsuna, ya ɗan ja da baya.

"Malam Ba'ana, wannan man da ka sa..."

"Thomas, katako na zo saya, ba karatu ba."

Thomas ya ce to, ya ci gaba da aikin katakonsa.

Zanen farko bishiyar darbejiya ce. Ya jingine ta a bango ta bushe. Mako ya wuce, wata ya wuce, bazara ta zo da zafin da ke busar da wanki kafin a gama shanya, bishiyar Ba'ana tana nan tana ƙyalli kamar an tsamo ta daga kasko. Ya ce aikin Turawa ba a yi masa gaggawa. Ya zana na biyu, ya zana na goma. Ƙudaje suka gano gidan. Duk wanda ya sauka ba ya tashi, har zanen masallacin da ya yi ya samu tsuntsaye a sama waɗanda ba shi ya zana ba. Kiyashi suka yi layi daga bakin rijiya zuwa ɗakinsa. Akuyar maƙwabta ta shigo wata rana ta lashe zanen Kasuwar Litinin tun daga 'yan kifi har 'yan tabarma, ta fita da gemu ruwan ɗorawa.

Mutane suna zuwa kallo, don abin dariya ba ya rasa 'yan kallo. Kuma duk wanda ya ga abu yana ƙyalli sai ya miƙa yatsa. Daga safe zuwa yamma ba abin da ake ji daga gidan sai muryar Ba'ana: "Kar a taɓa! Bai bushe ba! Kar a taɓa!" Kafin shekara ta zagayo sunan ya bi shi. In baƙo ya tambayi gidan Ba'ana sai a ce wanne, Kar-a-Taɓa? Limamin unguwa ma ya zo takanas ya yi masa nasiha a kan zana abu mai rai. Ba'ana ya fito masa da wani zane da ya ce raƙumi ne. Liman ya daɗe yana dubawa, ya karkata kai, sannan ya ce wannan kam ba ya jin akwai laifi, don bai yi kama da wani abin da Allah ya halitta ba.

Duk wannan Turai tana gani. Tulunta yana raguwa, masu sayen ƙuli suna yi mata shaguɓe, suna cewa Ya Turai, a ba mu na ci, ban da na bango. Wani lokaci in ta ga ya fito da sassafe yana ɗora ɗan yatsa a gefen zane a hankali, ya duba yatsan, ya goge a riga, sai tausayinsa ya kama ta. Amma ba a tambaye ta ba. Kada a ce ita ba ta da nata laifin. Kalma biyar ta ishe ta ta cece shi, ta zaɓi ta zuba ido shekara uku. Taurin kai ne ya auri taurin kai.

A 1961 Alhaji Maikuɗi ya aiko a kira shi. Bakano ne, ɗan kasuwar fata da bandar kifi, mai manyan motoci biyu, kuma yana gina sabon kanti kusa da kasuwa. Wani abokin hamayyarsa ya rataye hotonsa da mai hoto ya ɗauka a nasa kantin, baƙi da fari, bai fi tafin hannu biyu ba. Alhaji yana son nasa ya kai tsayin ƙofa, da launi, da motarsa a bayansa.

"An ce kana zanen Turawa," in ji Alhaji.

"Ranka ya daɗe, har na fi su. Su a sanyi suka koya."

"An kuma ce ba ya bushewa."

"Mahassada ne, Alhaji."

Wata uku ya yi a kan aikin nan, kuma a faɗi gaskiya ya zuba ransa a ciki. Ya rame. Ya yi wa Alhaji rawani, ya yi masa gemu, ya yi wa motar tayoyi shida duk da huɗu ake gani. Turai ba ta taɓa ganin ya so wani abu haka ba. A ransa wannan ne aikin da zai tsaya: a bangon kanti, a tsakiyar gari, da sunansa a ƙasa da ajami. Ya kafa ƙafafun teburin da ya ɗora zanen a cikin gwangwanayen ruwa saboda kiyashi. Ya zauna da mafici yana korar ƙuda kamar mai jinya.

Sai kuma ya tuna wani abu da ya gani lokacin yana farar ƙasa. In Turawa za su buɗe sabon gini sukan rufe allo da ƙyalle, babban baƙo ya ja, a yi tafi. Ya gaya wa Alhaji haka manya suke yi. Abin ya yi wa Alhaji daɗi, ya kawo wani farin yadi mai laushi da ya zo da shi daga Makka. Tun jajibiri Ba'ana ya lulluɓe zanen da shi, ya ɗaure ta baya tamau don kada iska ta ɗaga wani ya riga ganin fuskar Alhaji. Turai tana tsaye da ludayi a hannu tana kallo. Ta ce, "Malam." Ya ce, "Mene ne?" ba tare da ya juyo ba. Ta ce, "Ba komai. Abinci na nan."

Ranar buɗe kanti da hantsi aka taru, 'yan kasuwa da direbobi da malamai, mata suna leƙe daga rumfunan da ke tsallake, Turai a cikinsu da tiren ƙulinta. Aka yi addu'a. Ba'ana ya kwance ɗaurin, ya ce Alhaji ya ja. Alhaji ya ja, yadi ya ƙi. Ya ƙara ja da hannu biyu. Yadin ya taso da wata ƙara irin ta ɓare danƙo, ya taho da rawanin Alhaji da gemunsa da hancinsa da rabin motar. A jikin zanen ba abin da ya rage sai wani dabbare-dabbare mai ruwan miyar kuka, da ido ɗaya yana kallon jama'a. Alhaji ya tsaya riƙe da fuskarsa a hannu, mai yana ɗiga a kan babbar rigarsa.

Sai wani direba daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Kar a taɓa Alhaji, bai bushe ba!" Wurin ya fashe. Har malaman sai da suka rufe baki da hannun riga.

Alhaji ya sunsuna yadin. Ya ce, "Ba'ana, zane na sa ka ko tuya? In ƙosai nake so ai na san inda ake sayarwa." Ya jefa masa yadin a kafaɗa ya shige kanti.

Kwana biyu Ba'ana bai fita ba. A rana ta uku da hantsi Turai tana tsakar gida tana matsa, ta durƙusa a kan turmi, mai yana tsattsafowa ta tsakanin yatsunta, ya fito ya tsaya a kanta. Ya yi gyaran murya. Ya koma ɗaki. Ya sake fitowa. Ta ga bokitin farar ƙasa a hannunsa, tsohon nan da ya rantse a kansa, ya wanke shi. Ya ajiye shi a ƙasa, ya tsuguna.

"Turai."

"Na'am, Malam."

"Me ya sa ba ya bushewa?"

Ta ɗaga kai ta dube shi. Shekara ashirin da biyar take jiran ranar nan, ta sha tsara abin da za ta faɗa, mai tsawo, mai zafi. Da ranar ta zo sai ta ga tsoho ne kawai tsugune kusa da bokiti. Ta kamo gefen zanen da take ɗaurawa in za ta yi aiki ta miƙa masa.

"Taɓa nan."

Ya taɓa.

"Tun shekarar da fara ta cinye gonaki man nan ya zuba. Ya bushe?"

"A'a."

"To man gyaɗa ke nan. Ba ya bushewa, ko a Ingila aka kai shi. Yarinyar da ta fara talla jiya ma ta sani."

Ya ce, "Kin sani tun farko?"

"Tun ludayin farko."

"Ba ki faɗa ba!"

"Ka tambaya?"

Ta ci gaba da matsa. Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa kamar mai cire ƙaya, "To wanne ne yake bushewa?"

"Tambaya biyu a rana ɗaya, Malam? Kada ka ji wa kanka ciwo. Wannan ban sani ba. Je ka wurin Thomas. Kujerun da yake shafa wa mai ban taɓa ganin sun kama rigar kowa ba."

Rumfar Thomas taku arba'in ce daga ƙofar gidansu. Turai ta leƙa ta katanga ta ga yadda ya yi tafiyar nan, sai ka ce an aike shi can birnin Fort Lamy a ƙafa. Thomas ya saurare shi har ƙarshe bai yi murmushi ba, kuma wannan alheri ne babba. Ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da kwalba mai ruwan zuma, man da kafintoci ke shafa wa katako, wanda suke kira linsid. Shekara uku kwalbar nan tana daidai saitin kan Ba'ana duk lokacin da ya zo sayen katako.

"Shi na so in gaya maka ran nan, Malam Ba'ana."

"Ai na..." Ba'ana ya fara, sai ya haɗiye sauran. Ya ce, "Yaya ake haɗawa?"

Babu wanda zai sake yarda ya zauna a zana shi a duk Yerwa, don haka Turai ce ta zauna, da sharaɗin ba za ta daina ɓarar gyaɗa ba. Ya yi kwana shida yana yi. Ya jingine a bango, ya hana kansa zuwa kusa. A rana ta goma ya ɗora yatsa. Ya duba yatsan. Ya ɗora tafin hannu gaba ɗaya. Ya fita da zanen ƙofar gida inda 'yan majalisa ke zaune, ya ɗauko bokitin nan cike da ruwa, ya sheƙa wa fuskar matarsa a gaban kowa. Ruwa ya gangare. Turai tana nan.

Wato wata aba tana nan. Ido ɗaya ya fi ɗaya tsawo, hancin kamar gauta, hannuwan kuma yatsa shida-shida. Mai ya gyaru, amma mai zanen yana nan yadda yake. Turai ta fito ta duba, ta daɗe, ta ce, "Duk cikinsu da wannan ne bai bushe ba da na gode Allah." Ba'ana bai ji ta ba. Yana can yana goga hannu a kai yana dariya shi kaɗai.

Bai koma farar ƙasa ba. Bai kuma zama gwani ba, kada wani ya yi masa ƙarya don ya mutu. Ya samu abin yi da rubuta allunan shaguna da zana furanni da zakoki a jikin manyan motoci, zakokin da direbobi ke cewa sun fi kama da tumaki, amma suna jure ruwa da rana har motar ta tsufa. Lokacin da jirgin ƙasa ya iso garin a 1964 ya zana shi sau bakwai, ko ɗaya bai yi kama da jirgi ba, kuma dukansu sun bushe. Sunan Kar-a-Taɓa bai sake shi ba har ƙarshen ransa, ko da yake ya daina dacewa da shi.

Hoton Turai a zaure ya rataye shi, daidai inda mai shigowa zai yi karo da shi, duk da ta yi ta cewa a mai da shi bayan ƙofa. Mutumin da ya yi shekara arba'in da tara bai roƙi kowa komai ba ya zama ba ya barin baƙo ya zauna sai ya roƙe shi abu ɗaya. Liman bai tsira ba, masu sayen ƙuli ba su tsira ba, har Alhaji Maikuɗi da ya zo dubiya lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da Ba'ana a zauren sai da aka tare shi. Alhaji ya yi sallama, yana tattara riga zai zauna, Ba'ana ya ɗago daga tabarma ya nuna bango da sandarsa.

"Alhaji, don Allah kafin ka zauna, ɗan taɓa mini wancan. A'a, ba da ɗan yatsa ba. Sa tafin hannunka duka. Goga da ƙarfi. To, yanzu duba hannunka."